Me zai hana a riƙa kama masu laifi ta abin da suke sakawa a intanet tun kafin su aikata?

Dan_Kurna:
Salam jama'a. Akwai abin da ya dade yana cin raina ina so mu tattauna. Yanzu fa dan daba kafin ya fita fada sai ya hau Facebook ko TikTok ya daga wuka yana cewa yan unguwa kaza ku saurare mu ranar hawan sallah. Dan bindiga yana zaune a daji yana bidiyo yana kirga kudin fansa, har da masu tura masa lambar akawun wai ya san musu. An tilasta mana hada layi da NIN tun karshen 2020, mun sha rana a layi, ga BVN tana nan. To duk bayanan nan me ake yi da su? Ni a ganina gwamnati ta samo kwamfutar nan mai kwakwalwa da ake yayi, ta rika bin fostin din mutane da wadanda suke kira da wuraren da suke zuwa, duk wanda ta ga take-takensa na barna ne a dauke shi tun bai zubar da jinin wani ba. Rigakafi ai ya fi magani. Wanda ba shi da kashi a gindi me zai ji wa tsoro?

Maman_Ilham:
Wlh ina bayanka. Mu da muke da yara masu zuwa islamiyya da yamma mu muka san halin da muke ciki. In dai za a samu tsaro su karanta duk cat ɗina, ba komai a ciki sai cinikin atamfa da rigimar adashi

Injiniya_Sadik:
Dan_Kurna abu biyu ka haɗa wuri ɗaya. Wanda ya ɗaga wuƙa a bidiyo ya ambaci sunan unguwa da rana, wannan ba ya buƙatar wata na'ura, ya riga ya yi barazana kuma barazana laifi ce, ɗan sanda mai waya ta dubu talatin ma ya gani. Ɗaya abin kuwa shi ne a ce kwamfuta ta zauna ta ba kowa maki, wane kashi kaza zai yi laifi, kuma wannan an gwada shi a wuraren da suka fi mu kuɗi da kayan aiki. Birnin Chicago a Amurka sun fara wajen 2013, suka haɗa jerin mutanen da suka ce su ne suka fi yiwuwar harbin wani ko a harbe su. Cibiyar bincike ta RAND ta duba a 2016, ta ce ba ta ga kisa ya ragu saboda jerin ba, abin da ta gani shi ne waɗanda ke ciki sun fi fuskantar kamu. Jerin ya yi ta kumbura har sunaye suka kusa dubu 400, a ƙarshen 2019 suka ajiye shi shiru. Los Angeles ma sun yi shekaru da wata manhaja PredPol wadda ke nuna unguwar da za a yi laifi, suka daina a 2020.

Kofur_Mai_Ritaya:
Injiniya da girmamawa, na Chicago ai ba da bayanan intanet suka yi ba, da fayil ɗin 'yan sanda ne, wa aka taɓa kamawa, da wa aka kama shi, wa aka taɓa harba. Tambayar Dan_Kurna a kan abin da mutum ya rubuta da hannunsa ne. Yaron da ya kashe baƙar fata 10 a wani kanti a birnin Buffalo na Amurka a 2022 wata da watanni ya yi yana rubuta shirinsa a manhajar hira ta Discord. Da akwai mai lura da mutanen nan wataƙila suna raye. Ni na yi aikin ɗamara, na san raɗaɗin zuwa wuri bayan an gama ɓarna sai dai ɗaukar gawa.

Bahaushen_Landan:
Baba Kofur to ga wanda aka yi da soshiyal midiya ɗin. Nan Landan bayan tarzomar 2011 'yan sanda suka buɗe wani jeri na 'yan daba, Gangs Matrix, cikin abin da suke dubawa har da bidiyon waƙa a YouTube da wa kake abota da shi a intanet. Amnesty ta bincika a 2018 ta tarar kashi 78 cikin ɗari na sunayen baƙar fata ne, alhali a alƙaluman 'yan sandan kansu baƙar fata kashi 27 ne na masu aikata munanan laifukan matasa. Har ɗan shekara 12 akwai a ciki. Kuma abin takaicin sunan ba ya tsayawa a ofishin 'yan sanda, yana kaiwa ga makaranta da masu ba da gidan gwamnati da ofishin neman aiki, yaro bai san yana ciki ba bare ya ce a cire shi, kawai ya ga ana ta tare shi a hanya ana laluben aljihunsa. A 2024 suka rufe shi. Wato ka fito a bayan wani a bidiyo kana gyaɗa kai shi ke nan ka zama ɗan daba.

Dan_Kurna:
To ai abokin barawo barawo ne, me ya kai shi cikin bidiyon?

Yar_Gusau:
Haba malam. A unguwarku akwai wanda bai san ɗan daba ko ɗaya ba? Ajinku ɗaya a firamare, ko ɗan maƙwabta ne, ko ƙanin matar yayanka. Mu nan akwai ƙauyukan da ɗan bindiga zai karɓi lambar mai gari ya riƙa kiransa yana sa musu haraji, in ba su ɗauka ba a ƙone gari. In kwamfuta ta bi layin kira mai garin nan shi ne na farko a jeri, sai mai shagon da aka tilasta wa kai burodi da katin waya. Wa zai zauna ya yi wa na'ura bayanin cewa dole aka yi musu?

Mai_POS_Sabongari:
Bari in ba ku wanda ya faru a gabana. Wani yaro makwabcin rumfata mai POS ne kamar ni, wani ya zo ya ce za a turo masa kudi ya cire masa, aka turo ya kirga ya ba shi ya cire cajinsa, shi ke nan mutumin ya tafi. Bayan kwanaki sai ga mota ba lamba, mutane cikin kayan gida suka ce ina wane, ko rufe rumfa ba su bari ya yi ba, injin dinsa ma yana kan tebur yana caji. Ashe kudin fansa ne suka bi ta akawun dinsa. Sai da iyayensa suka sayar da babur kafin ya fito, kuma shi mai cire kudin har yau ba labarinsa don layin da ya yi amfani da shi sunan wata tsohuwa ne a kai. Wannan fa bayan an yi laifi ne, akwai hujja ta gaske ta banki. Ina ga a ce hasashe ne kawai

Sarkin_Zolaya:
Ni damuwata ɗaya ce, in na'urar nan ta shiga gurup ɗin da Fulani da Barebari ke wasa, ko Kanawa da Zagezagi, kafin azahar an kwashe rabin Arewa 😂 Jiya ma wani taubashina ya rubuto min sai na yanka ka in na zo

Injiniya_Sadik:
Sarkin_Zolaya kana wasa amma maganarka na kan hanya, manhajojin nan da Turanci aka fi horar da su, Hausar da suka sani kaɗan ce, bare habaici da gatse. Amma a ce ma ta ƙware, ku yi lissafin nan da ni, misali ne kawai. Ɗauki gari mai mutum miliyan 10, a ce masu shirin kisa a ciki 1,000 ne, a ce na'urar tana dacewa sau 99 cikin 100, wanda babu irinta a duniya. Za ta gano 990 daga cikin miyagun, madalla, amma kashi ɗayan da take kuskure a kan sauran jama'a ya kai mutum kusan dubu 100. Kenan duk mugu ɗaya da ta nuna, ta haɗa da mutum wajen ɗari da ba su ji ba ba su gani ba. Wane sel ne zai ɗauke su, wane mai bincike ne zai tace su? Na gaske ma ba su kai ko kusa da haka ba. 'Yan jaridar The Markup sun duba hasashen PredPol ɗin nan, lokacin ta sauya suna zuwa Geolitica, a wani gari Plainfield a Amurka, cikin hasashe fiye da dubu 23 wanda ya dace da laifin da aka kai rahoto bai kai 100 ba.

Sannan akwai wani abu da ya fi damuna. Na'urar daga tsohon rikod take koyo. In shekara ashirin ana kai sumame unguwar talakawa ana barin unguwar masu kuɗi, rikod zai nuna laifi na unguwar talakawa ne, sai ta ce a ƙara tura mota can, a ƙara kamawa, rikod ya ƙaru, ta ce kun gani ko. Masu bincike sun nuna haka a 2016 da alƙaluman ƙwaya na birnin Oakland na Amurka. Mai shan ƙwaya a cikin gida mai katanga da maigadi ba zai taɓa shiga lissafi ba.

Almajirin_Zaure:
Assalamu alaikum. Ta fuskar addini ayar Suratul Hujurat a fili take, an ce mu nisanci da yawa daga zato domin sashen zato zunubi ne, kuma aka hana bin diddigin sirrin mutane. Asali a shari'a mutum kuɓutacce ne har sai hujja ta tabbata, kuma ana tunkuɗe haddi da shubuha. Sai dai malaman da suka yi rubutu a kan hisba, irin su Mawardi, sun yi togaciya: in amintacce ya kawo labari cewa wane ya keɓe da wane zai kashe shi, ya halatta a bincika a kutsa, don abu ne da in ya wuce ba ya gyaruwa. Ku lura da sharuɗɗan, mutum sananne, labari daga amintacce, ɓarna da ke gab da aukuwa. Ba a ce a sa kunne a ƙofar kowane gida a gari ko za a dace ba.

Dan_Kurna:
Malam to kissar Khidr fa a Suratul Kahfi? Ai yaron bai riga ya yi komai ba

Almajirin_Zaure:
Ɗan'uwa ka karanta har ƙarshen ƙissar, shi da kansa ya ce bai aikata da umarnin kansa ba. Ilimi ne daga Allah, kuma Annabi Musa alaihis salam da yake tafiya a kan zahirin shari'a bai yi shiru ba. Babu malamin da ya ba alƙali ko sarki damar hukunci da wannan, balle kamfanin da ya sayar wa gwamnati manhaja.

Kofur_Mai_Ritaya:
Duk na ji. Amma kuna magana kamar kamu ne kaɗai abin yi. In bayanai sun nuna ƙwacen waya ya fi yawa a titi kaza tsakanin magariba da isha, sai a sa fitila a ajiye mota, wa aka zalunta? In an ga yaro ya fara bin shafukan masu tsattsauran ra'ayi, a je a samu mahaifinsa da limamin unguwa. Da can ai haka mai unguwa yake yi, ya san baƙon da ya sauka, ya san yaron da ya fara lalacewa. Garuruwa ne suka yi girma ido ba ya kaiwa.

Barista_Zee:
Baba Kofur ɓangaren farko na maganarka Turai ma ba su hana ba. Dokarsu ta fasahar AI da aka zartar a 2024 abin da ta haramta shi ne a ce wane zai yi laifi bisa nazarin bayanansa da halayensa kawai ba tare da wata hujja ta zahiri ba, haramcin ya fara aiki a Fabrairun 2025, amma ba ta taɓa hasashen wuri ba. A Jamus kotun tsarin mulki ta soke dokokin jihohin Hesse da Hamburg a 2023 saboda sun ba 'yan sanda damar haɗa bayanan mutane su tace da kwamfuta ba tare da iyaka mai ƙarfi ba, har da bayanan shaidu da waɗanda aka yi wa laifi.

Mu nan sashe na 36 na tsarin mulki ya ce mutum ba mai laifi ba ne har sai kotu ta tabbatar, sashe na 37 ya kare sirrin gida da wasiƙa da kiran waya. Haɗa baki don aikata laifi da barazana duk suna cikin Penal Code, saboda haka mai ɗaga wuƙa a TikTok ba a buƙatar sabuwar doka a kansa. Akwai dokar kare bayanai ta 2023, amma ta yi wa aikin binciken laifi da tsaron ƙasa sassauci mai faɗi, to nan ne gizo ke saƙa. Bambancin mai unguwa da na'ura kuwa, Baba, mai unguwa ka san gidansa, in ya yi maka ƙazafi za ka kai ƙara wurin dagaci. Wanda manhaja ta ba maki wa zai tuhuma? Kamfanin zai ce sirrin kasuwancinsa ne.

Direban_Kurmi:
Ku da kuke zaune a gida kuna ganin jerin nan wasu za a sa. Mu da muke lodi zuwa kudu mun san su wa ake kallo da idon zargi. Mafarauta 16 da aka kashe a Uromi a watan Maris 2025 wane laifi aka kama su suna yi? An gan su da bindigar farauta da karnuka da irin shigarsu aka yanke hukunci. Yanzu ka dauki wannan tunanin ka zuba a kwamfuta, suna kaza, yare kaza, layinsa ya bi ta dajin kaza. Ni layina kullum yana bin hanyar Birnin Gwari da Lokoja, sau nawa zan fito a ja?

Maman_Ilham:
Subhanallah, Allah ya ji ƙansu. Gsky ban kalli abin ta nan ba. Amma fa har yanzu ina cewa a yi wani abu, ba za mu zauna ana yanka yara a kan waya ba saboda tsoron kuskure

Bahaushen_Landan:
Hajiya kin ce su karanta cat ɗinki ba komai a ciki. Musulmin Xinjiang a Chana ma da yawa ba komai a nasu. Human Rights Watch ta warware manhajar 'yan sandan yankin a 2019, cikin abin da ke sa a yi wa mutum alama akwai amfani da WhatsApp, shan wutar lantarki fiye da yadda aka saba, yawan shiga gida ta ƙofar baya, rashin hulɗa da maƙwabta, da himma wajen tara wa masallaci kuɗi. Takardun gwamnatinsu da suka fita sun nuna a mako guda na watan Yunin 2017 tsarin ya nuna mutum fiye da dubu 24, aka kai fiye da dubu 15 sansanin tsarewa. Ba ke ce za ki faɗi abin da ake kira "komai" ba, mai riƙe da na'urar ne.

Talaka_Bawan_Allah:
Ku bar zancen Chana. Nan gida a 2020 an rufe akawun 20 na masu zanga-zangar EndSARS, ba a dau wani lokaci ba aka gano su. Zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024 har yara aka kwasa aka kai kotu Abuja suna faduwa don yunwa. Ka zagi mai mulki a Facebook da safe ka ga ko za ka kai la'asar. Amma mai garkuwa ya yi wata biyu yana ciniki a waya da iyalan mutum ba a san inda yake ba. Kayan aikin suna nan, inda ake so a haska nan ake haskawa

Kofur_Mai_Ritaya:
Talaka sanin inda mutum yake daban, isa wurin daban. Mai fostin yana cikin gari a ɗakinsa, mota ɗaya ta isa. Wancan yana tsakiyar daji da mutum ɗari masu bindiga da waɗanda ya kama a gabansa, kuma hasumiyar waya a karkara yanki mai faɗi take nunawa ba gindin bishiya ba. Ba kare kowa nake ba, amma a riƙa adalci.

Yar_Gusau:
Baba to ai ka ba da amsar da kanka. In an san inda suke ba a iya zuwa, me hasashe zai ƙara? A Satumban 2021 an kashe mana netwok gaba ɗaya a Zamfara wai don a toshe masu kai musu bayani, mutane har Funtuwa suke zuwa don su yi kira ko su tura kuɗi, an kawo hari ƙauye ba halin sanar da kowa. Da aka dawo da shi ga mu ga su. Kullum maganin a kanmu yake sauka

Injiniya_Sadik:
Wani abin da ba a taɓo ba, wa zai tsare rumbun? A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bankaɗo shafukan da ke sayar da bayanan NIN na mutane a kan naira 100. Yanzu a ce an tara wa kake kira, ina kake kwana, nawa ke shiga akawun ɗinka, ƙarfe nawa kake fita, duk a wuri ɗaya. Mai garkuwa da mutane ba abin da yake nema a duniya kamar wannan fayil ɗin.

Dan_Kurna:
Toh na ji bayanai kuma na karu, musamman lissafin Injiniya da na Direba. Amma ban sauka gaba daya ba. A bar zancen ba kowa maki. Wanda ya fito da fuskarsa da makami ya yi barazana, ko yake tallan kudin fansa, a samu ofis na musamman da masu jin Hausa da Fulatanci suna bibiya, su kai wa alkali ya ba da waranti. Wannan ma akwai mai ja?

Barista_Zee:
Wannan bincike ne na yau da kullum, ba ni da ja in dai alƙali ne zai sa hannu kuma a kai mutum kotu cikin kwana ɗaya ko biyu kamar yadda sashe na 35 ya ce. Tsorona ofis ɗin da aka buɗe don masu wuƙa, shekara biyu ka leƙa ka tarar rabin ma'aikatan suna bin masu sukar gwamna. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ai don masu cin zarafi aka ce an yi shi, 'yan jarida nawa aka gurfanar da shi kafin a gyara a 2024?

Talaka_Bawan_Allah:
Bayan gyaran ma an daina ne?

Sarkin_Zolaya:
Ni dai na goge saƙon taubashina, Dan_Kurna in an buɗe ofis ɗin ka sa baki a ɗauke ni aiki sashen gane gatse

Mai_POS_Sabongari:
Barista don Allah tambaya a gefe. Tun abin da ya samu yaron nan na sayi littafi, duk wanda zai cire sama da dubu hamsin ta transfa sai na rubuta sunansa da lambarsa na dauki hoton katinsa, wasu su yarda wasu su yi fushi su tafi rumfar gaba. Littafin nan zai tsaya min a kotu in wani abu ya faru, ko kuwa ni ma na shiga laifin tara bayanan mutane?

Barista_Zee:
Zai taimaka maka wajen nuna ba da saninka ba ne, ka riƙa sa kwanan wata da lambar risit. Amma ka gaya wa mutum dalilin karɓa, kar ka bar littafin a kan tebur kowa na buɗawa, hotunan kuma kar su zauna a wayar da yaran shago ke kallon bidiyo da ita. Turo min saƙo ta inbos in faɗa maka sauran, yanzu zan shiga kotu.